Bayan An Tashi Daga Wasa

A wata Asabar ta farkon watan Janairu, kowace shekara, dubban ɗaliban sakandare a Amurka da Kanada da Turkiyya da Meziko da wasu ƙasashe sukan taru a makarantunsu su zuba wa majigi ido, suna jiran a bayyana musu wasan bana. Babu wanda ya san abin da za a ce a yi. Wata shekara a ce a jefa ƙwallo cikin rami, wata shekara a ce a jera akwatuna bisa juna, wata kuma a ce na'ura ta kama sandar ƙarfe ta ɗaga kanta sama. Da an gama bayani sai kowace ƙungiya ta karɓi littafin dokoki da akwatin kayan aiki, ta koma ta ƙera mutum-mutumin da zai buga wasan. Shekaru da dama wa'adin da ake ba su mako shida ne cur. Ranar da ya cika sai a rufe na'urar cikin akwati ko cikin wata ƙatuwar leda a ɗaure bakinta, ba mai sake taɓa ta sai a filin gasa. An soke dokar rufewar tun daga kakar 2020, amma da yake karawar farko tana nan a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba.

Gasar FIRST ke nan. Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, Dean Kamen, shi ya kafa ƙungiyar da ke shirya ta a shekarar 1989, aka kuma yi karawar farko a 1992 a zauren wasanni na wata makarantar sakandare da ke Manchester ta jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28 kacal. Yau sun haura 3,000. Abokin tafiyarsa a wannan aiki shi ne Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda ya rasu a 2019, kuma shi ya dasa wa gasar ɗabi'ar da aka san ta da ita: ka yi iyakar ƙoƙarinka ka kayar da abokin karawarka, amma in giyarsa ta karye kafin a shiga fili, ka ara masa taka. Kalmar mutum-mutumi kan iya ruɗar mai karatu a nan, domin abin da yaran ke ƙerawa ba shi da kai ko fuska. Ya fi kama da amalanken alminiyam mai tayoyi da sarƙoƙi da wayoyi, wanda aka daɗe ana ƙayyade nauyinsa a kan fam 120, wato kilo 54, ya ɗan ɗara buhun siminti ke nan. Ƙungiyoyi uku ke haɗa ƙawance su kara da wasu uku, kuma kowane zagaye bai kai minti uku ba.

Abin da ya dame ni game da wannan na'ura shi ne gajartar ranta. Galibi a watan Afrilu ake kammala gasar duniya. Daga nan wasan ya mutu, domin baɗi wani za a kawo daban. Ƙungiyar da ke da wadata da fili takan ajiye na'urarta a wani lungu tana shan ƙura. Wadda ba ta da hali kuwa sai ta kwance ta, ta cire injinan lantarki da giyoyi da boris ta adana wa na'urar baɗi, tunda kayan da tsada. Su ma yaran ba masu zama ba ne: shekara huɗu ce sakandaren Amurka, wanda ya san dalilin da ya sa aka karkatar da wani ƙarfe haka ba haka ba ya gama ya tafi jami'a. Bayan shekara huɗu babu ɗalibi ko ɗaya a ɗakin da ya ga na'urar tana tafiya. Kofi na nan cikin kabad, hoton rukuni na rataye a bango, amma tunanin da ya ci kofin ya bi masu shi.

Wasu mutum biyu sun taɓa ɗaukar wannan asara da muhimmanci. Vince Wilczynski, malamin injiniyanci wanda ya koyar a kwalejin dakarun tsaron gaɓar teku ta Amurka kafin ya koma jami'ar Yale, da Stephanie Slezycki, sun fitar da littafi a 2007 a kan na'urorin wasan 2006, suka bi shi da na biyu a 2008 a kan wasan 2007. Sunan da jerin ya tafi da shi shi ne Behind the Design, ma'ana abin da ke bayan ƙirar. Kowane littafi ya ɗauki na'urori 30 daga cikin waɗanda alƙalai suka ba lambobin yabo na injiniyanci, ya ba kowace 'yan shafuka masu launi: ga zanen hannu, ga zanen kwamfuta, ga hoton sassan ciki, ga bayanin matsalar da ƙungiyar ta fuskanta da hanyar da ta bi. Daga nan aka yi shiru sai 2015, suka sake fitar da wani a kan wasan shekarar, na jera akwatuna. Wasannin da suka biyo baya labarinsu ya warwatsu, kowa da inda ya ajiye nasa. Ra'ayina shi ne a farfaɗo da irin waɗannan littattafai, a mayar da su abin kowace shekara kamar yadda gasar take, kuma ina da dalilan da suka wuce son tsohon abu.

Sai mutum ya san wasan kafin ya gane abin da littafin ya adana. A 2006, wasan da aka kira Aim High, ana jefa ƙwallayen soso ne. Rami na sama, wanda ke tsakiyar bango, maki uku. Ramukan ƙasa na kusurwa, maki ɗaya. A saman ramin tsakiya an liƙa koren fitila, an kuma sa ƙaramar kyamara cikin kayan aiki, domin a daƙiƙun farko na wasa babu mai tuƙi, na'ura ce za ta nemo hasken da kanta ta saita ta harba. Tambayoyin da yaro ɗan shekara 16 zai amsa ke nan: da me zan harba, da taya ɗaya mai gudu ko da biyu? In harba daga saman na'ura don kada a tare ni, ko daga ƙasa don kada nauyi ya koma sama in kife? In juya na'urar gaba ɗaya don saiti, ko in ɗora maharbin a kan faifai mai juyawa, alhali kowane faifai ƙarin nauyi ne da ƙarin abin da zai iya lalacewa? Ga kuma soso, wanda sabonsa da wanda ya sha matsa ba sa tashi daidai.

Wasan 2007 ya ma fi nuna abin da nake nufi. A tsakiyar fili aka kafa wata rumfar ƙarfe mai hawa uku, kowane hawa da hannuwa takwas, jimla 24, kuma an rataye su da sarƙa yadda da an taɓa sai su yi ta lilo. Aikin na'ura ta ɗauki zoben roba mai iska, irin na masu koyon iyo, ta saƙala a hannu. Makin layi ninkuwa yake yi: zobba biyu a jere maki 4, uku maki 8, har takwas su ba da 256. A ƙarshen wasa kuma, na'urar da abokiyar ƙawancenta ta ɗaga sama da inci 4 tana jawo maki 15, in ta kai inci 12 maki 30. Sannan masu dokar suka kafa wani tarko mai daɗi: in kana son cikakken nauyi na fam 120, tsayinka a farkon wasa kada ya wuce ƙafa 4, in kana son ƙafa 5, ka sauko fam 110, in ƙafa 6, fam 100. Wato tun kafin a yanka ƙarfe na farko sai ƙungiya ta zauna ta yanke shawarar wace ce ita. Mai dogon hannu ce da za ta kai hawa na sama, mai kusan ƙafa 8? Ko mai faffaɗan gadon baya ce da za ta shimfiɗa fukafukai abokai biyu su hau, ta kwashi maki 60 ba tare da ta taɓa zobe ko ɗaya ba? Ko za ta haɗa biyun ta yi kasadar zama mai taɓa kowane ba ta ƙware a ko ɗaya ba? Wanda ya kalli bidiyon wasa zai ga amsar da aka zaɓa tana yawo a fili. Gardamar da aka tafka kafin a zaɓe ta, da amsoshin da aka gwada da katako da kwali aka watsar, waɗannan sai a rubuce.

Ni ban taɓa taka filin wannan gasa ba. Littafin farko, na wasan 2006, a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai na same shi ina aji uku a jami'a, cikin tarin da ake zubewa a kan tabarma, tsakanin wani littafin koyon girki da kundin dokokin haraji na wata jihar Amurka. Bangonsa ya tanƙware, akwai hatimin wani ɗakin karatu da ya yar da shi. Mai kayan ya ga yawan hotuna ya ɗauka na yara ne, ya sallama mini da araha. A lokacin na riga na ci jarrabawa a kan lissafin giya da ƙarfin juyi, na iya zana jadawalin nauyin da ke kan sanda, amma a littafin nan ne na fara ganin waɗannan lissafe-lissafe a hannun mutanen da ke da abin da za su rasa in sun kuskure. Kuma ƙannena ne a shekaru.

Amfaninsa na sosai ya fito ne lokacin da nake bautar ƙasa a wata makarantar sakandare, inda na tara ɗalibai goma sha ɗaya muna haɗa 'yan na'urori da yamma. Kayanmu injinan tsofaffin na'urorin faifan bidiyo ne, da tayoyin motar wasan yara, da batirin fitila mai caji, da allon Arduino guda biyu da na saya da alawus ɗina. Muka sa wa kanmu aiki: na'urar da za ta tsinci ƙwallon tebur daga ƙasa ta zuba a kwando. Duk wanda aka ce ya ƙera abin ɗaukar kaya, hannu yake fara tunani, domin da hannu yake ɗauka. Yaran suka yi mako biyu suna fama da yatsu na waya masu buɗewa da rufewa. Ƙwallo ta gangara kaɗan, yatsu su kama iska. Wata rana na bar musu littafin a kan benci na tafi salla. Turancinsa ya fi ƙarfin yawancinsu, hotunan suka bi. Ko da na dawo, wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗora yatsa a kan wani hoto ta ce, "Malam, ai waɗannan ba kamawa suke yi ba, shara suke yi." Ta lura cewa na'urorin, ɗaya bayan ɗaya, da gangar roba mai juyawa suke jan ƙwallo ciki, ba ruwansu da saiti. Washegari suka zo da guntun bututun ruwa, suka naɗe shi da robar tayar keke, suka ɗaura masa inji. Yaran da suka yi wancan tunani a 2006 yanzu sun haura shekara talatin, wataƙila wasunsu sun manta da na'urar, ga shi tunaninsu ya ƙetare teku cikin kwantenar gwanjo ya warware wa wasu matsala.

Na kwatanta wannan da abin da muke yi da aikin kammala digiri. Kowace shekara ɗaliban injiniyanci suna ƙera injin ɓarar gyaɗa, da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. A kare aikin gaban malamai, a ɗaure rahoto da baƙin bango mai rubutun zinare, a kai ɗakin ajiya. Na'urar da na ƙera ba ta kai wata uku ba wani ɗalibi na bayana ya cire injinta, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma daga ta wani na ciro. Rahoton kuwa tsarinsa ƙayyadadde ne, babi biyar, kuma babu babin da aka tanada don abin da aka gwada ya ƙi. Saboda haka ɗalibin baɗi zai sake faɗawa ramin da na bana ya fito daga ciki, ya ɗauka shi ne na farko.

Matsalar ba ta yau ba ce, maganinta ma haka. A shekarar 1206, a birnin Amid, wanda ake kira Diyarbakir a Turkiyyar yau, wani injiniyan fadar sarakunan Artuƙiyawa mai suna Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa na sanin dabarun ƙira, bisa umarnin sarkin da yake yi wa aiki. Na'urori 50 ya bayyana: agogunan ruwa, agogunan kyandir, butocin alwala masu zuba ruwa da kansu, injinan ɗaga ruwa daga kogi, makullai. Mafi shahara shi ne agogon giwa. A cikin cikin giwar akwai tukunyar ruwa, a kan ruwan akwai ƙwarya mai ɗan ƙaramin huji. Cikin rabin sa'a ƙwaryar ke cika ta nutse, nutsewarta ta ja igiya, igiyar ta saki wani dunƙulen ƙarfe daga hasumiyar da ke sama, ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, sunkuyawar ta jawo ƙwaryar sama a sake sabon lale. Babu ko ɗaya daga na'urorin da ya ƙera da hannunsa da ta iso zamaninmu. Tagulla ta narke, katako ya ruɓe, daular ta shuɗe. Amma da yake ya rubuta awo, ya zana sassa, ya faɗi yadda ake haɗa su daki-daki, an yi ta kwafar littafin, Donald Hill ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1974, kuma yau akwai ƙaton agogon giwa da aka sake ginawa a wata babbar kasuwar zamani da ke Dubai. Sarkin da ya ce a rubuta ya fi wanda ya ce a ƙera hangen nesa, ko da yake mutum ɗaya ne.

Na san abin da za a ce mini: wannan zamanin intanet ne, wa zai jira littafi? Maganar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ƙungiyoyin yau suna sakin abubuwan da na 2006 ba su yi mafarki ba. Akwai bidiyon wasanni birjik a YouTube. Akwai cikakken zanen kwamfuta da mutum zai buɗe ya jujjuya ya auna kowane noti. Ƙungiya mai lamba 254 ta San Jose a jihar Kalifoniya, wadda ta gama kakar 2018 ba a ci ta ko sau ɗaya ba har ta ɗauki kofin duniya, takan fitar da kundin bayanin na'urarta da manhajarta kowa ya gani. Wasu ma tun ana cikin ƙira suke nuna aikinsu mako-mako. In yawa ake nema, ba a taɓa samun kamar na yanzu ba.

To amma yawan ne ya zama ciwon. Malamin da ya tara yara goma a garin da ba a taɓa yin gasar ba, daga ina zai fara cikin ƙungiyoyi 3,000? Sai wanda ya riga ya sani ne ya san abin da zai nema. Zanen kwamfuta kuma ƙarshen tafiya yake nunawa: zai gaya maka kaurin ƙarfen, ba zai gaya maka cewa an fara da siriri ya lanƙwashe a karawa ta biyu ba. Sannan abin da ke intanet yana da rai ne muddin wani na biyan kuɗin ajiyarsa. An rufe GeoCities a 2009 da ɗimbin shafukan mutane a cikinsa. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, abubuwa da yawa da aka gina a kansa suka daina buɗuwa. Ƙungiya ta watse, malamin da ke riƙe da kalmar sirri ya yi ritaya, shi ke nan. Ƙungiya mai lamba 1717 ta makarantar Dos Pueblos a Kalifoniya tana cikin waɗanda aka fi yaba wa tsabtar ƙira, amma ta daina shiga gasar bayan kakar 2015. Abin da ya fi riƙe sunanta a wajen da'irar masu gasa shi ne littafin da Neal Bascomb ya rubuta a kan kakarta ta 2009, wanda ya fito a 2011, ko da yake shi labarin mutane ya fi bi, ba na ƙarafa ba. Ban kuma manta da inda nake zaune ba. Littafin da na saya a kan tabarma bai taɓa tambayata data ba, bai damu da an ɗauke wuta ba, yara biyar sun sunkuya a kansa lokaci guda.

Abin da littafi ke da shi wanda tarin fayiloli ba su da shi, edita ne. Mutum daga waje, wanda ya san aikin amma ba ɗan ƙungiyar ba, wanda zai zaɓi 30 cikin dubbai, ya zaunar da yaran ya tambaye su abin da su ba za su tambayi kansu ba saboda a wurinsu a fili yake. Mu da muka karanci tarihin adabin Hausa mun san darajar wannan kujera. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. Ba don an raba kyauta muke tuna gasar ba. Muna tuna ta ne don an zaɓa, an gyara, an buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ana iya sukar hannun East a kan abin da ya so da abin da ya ƙi, an kuma soka, amma sukar ma ta yiwu ne don akwai abin da za a buɗe a duba. Da an tafa wa marubutan an mayar musu da takardunsu, da yau ba mu da abin musu a kai.

Akwai masu tsoron cewa littafi zai koya wa yara kwafa. Ai kwafar ta riga ta zama gari. Ana fara gasannin mako na farko, kowa ya ga abin da ke ci, zuwa gasar duniya sai ka ga na'urori sun yi kama da 'yan gida ɗaya. Ƙungiya mai lamba 118 ta Houston, wadda ke aiki da injiniyoyin hukumar NASA, ta ma mai da abin hidima: tun 2018 take fitar da wata sassauƙar ƙira mai suna Everybot, wadda za a iya haɗawa da kayan aikin hannu da kuɗi kaɗan, don ƙananan ƙungiyoyi su kwafa su samu abin shiga fili. Ban ga aibu a nan ba; ɗan koyo a gareji ma da kwaikwayon maigidansa yake farawa. Bambancin yana tsakanin wanda ya kwafi siffa da wanda ya kwafi dalili. Na farko in aka sauya wasa ya koma farko. Littafin da ya fito bayan an tashi daga wasa ba shi da siffar da za a kwafa a ci kofi da ita, tunda wasan ya wuce. Abin da ya rage a cikinsa dalilin ne kawai. Jinkirin da ake ganin aibinsa ne, a nan ya zama amfaninsa.

Misali, a 2002 ƙungiya mai lamba 71 ta Hammond a jihar Indiyana ta karanta dokoki ta gane cewa wanda ya riƙe manyan kwanduna uku masu taya da ke tsakiyar fili ya gama da wasan. Sai ta ƙera na'urar da ke rugawa ta cafke ukun, sannan ta sauka daga kan tayoyinta ta koma rarrafe da wasu ƙafafu da aka liƙa wa burushin waya, irin wanda ake goge magagari da shi, suna cizon kafet. Tafiyar hawainiya take yi, amma babu mai iya tura ta baya. Ta ci kofin duniya, daga baya aka hana sa ƙarfe mai cizon kafet. Ba wanda zai sake ƙera wannan na'ura. Darasinta kuwa, cewa a karanta doka a nemo abu ɗaya da ke yanke hukuncin wasa kafin a ɗauki sufana, zai yi aiki a wasan kowace shekara.

In za a farfaɗo da littattafan, ba na son a maimaita su yadda suke. Na baya sun tsaya ga waɗanda suka ci lambar yabo, kuma lambar yabo ta fi zuwa inda akwai injinan yanka ƙarfe masu kwamfuta da injiniyoyi 'yan sa-kai da kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Mai karatu irina yakan yi sha'awa, sannan ya duba abin da ke gabansa gwiwarsa ta yi sanyi. Ina son in ga babin ƙungiyar da ke aiki a garejin wani uba da zarto da na'urar huda ta hannu, a faɗi nawa ta kashe. Ina son kowace ƙungiya ta ba da shafi guda ga abin da ya karye: wane sashe, a wane wasa, me aka gano da aka kwance. Ƙungiyoyi ba sa son rubuta wannan da kansu, musamman in masu ba su kuɗi za su karanta, shi ya sa sai edita ya matsa. Batun tsadar bugu mai launi kuwa, wanda shi ne babban abin da ke kashe irin wannan aiki, yanzu ana iya buga kwafi gwargwadon buƙata, a kuma saki na karantawa a waya kyauta, a ba da izinin fassara. Gasar da kowace ƙungiya ke biyan dubban daloli don shiga ba za ta rasa kuɗin editoci biyu ba.

Wurin da na fi ganin buƙatar abin ma ba a babbar gasar ba ne. A 2017 Kamen ya fara wata, FIRST Global, inda kowace ƙasa ke turo ƙungiya ɗaya, har da Nijeriya, kuma kowa akwatin kaya iri ɗaya ake aika masa. A Senegal ma akwai gasar ɗaliban Afirka da Dakta Sidy Ndao ya kafa. Inda kaya suka zama ɗaya, bambancin da ya rage na tunani ne zalla, kuma na'urorin ƙanana ne, kusa da abin da makaranta irin wadda na koyar za ta iya. A karon farko, a birnin Washington cikin watan Yulin 2017, ƙasashe fiye da 150 suka hallara, wasan kuwa na tsabtace ruwa ne: ƙwallaye shuɗɗa a matsayin ruwa mai kyau, masu ruwan lemo a matsayin gurɓata, na'ura ta kwasa ta rarrabe. Duniya ta ji labarin 'yan matan Herat na Afganistan da aka hana biza har sau biyu kafin a bar su su shiga, ta ji na yaran Gambiya da su ma aka fara hanawa. Jaridu sun cika shafuka da hotunansu a filin jirgi. Na'urar da suka sha wannan wahala dominta ba ta samu ko kusa da wannan fili ba. Babin da nake son karantawa shi ne wanda zai nuna inda suka ɗora idon da ke bambance launi, da yadda suka hana ƙwallaye biyu shiga maƙogwaro lokaci guda, da abin da suka sauya a daren da ya raba ranar farko da ta biyu.